Ruwan da Ya Hau Tudu

A ofishinmu ba mai kirana da sunana. Sai-an-gyara suke ce mini, tun daga Darakta har mai shara, kuma ban ga laifinsu ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a teburin kusa da taga, inda fanka take fifita kowa ban da ni. Aikina guda ne. Duk wanda zai gina wani abu mai zubar da ruwan ƙazanta, gidan mai ne, mayanka ce, asibiti ne, sai taswirarsa ta biyo ta hannuna in duba ko zai lalata wa mutane ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. In na sa hannu, a fara zuba bulo. In ban sa ba, mutum ya kwashi takardunsa ya je ya gyaro. Ban taɓa sa hannu a zuwan farko ba, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi.

Wata Litinin aka ajiye mini fayil ɗin wani dattijo mai manyan motoci, wanda kowa yake ce wa Mai Tirela. Yana son buɗe wurin wankin tireloli da juyen baƙin mai a wani fili da ya saya a gefen gari. Filin a kan gangare yake, ta sama akwai layin gidaje, ta ƙasa akwai rafi. Injiniyansa, Allah ya shirye shi, ya zana ramin da ruwan wanki zai riƙa tsanewa a can ƙasa, taku kaɗan daga bakin rafin.

Na ce, "Baba, wa ya zana maka wannan? Idonsa biyu kuwa?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni mota na sani. In da gyara ki faɗa, a yi."

Na ɗauki jan biro, na ja kibiya tun daga bakin rafi har kusurwar sama ta filin. Na ce, "A mayar da ramin nan kan tudu. Ruwa gangarowa yake yi. Kafin ya ratsa filin nan gaba ɗaya ya kai rafi, ƙasa ta tace shi. Gidajen sama kuwa ba abin da zai same su, ruwa ba zai juya ya hau wurinsu ba."

Haka aka koya mini ranar da na fara aiki, haka nake koya wa duk wanda ya shigo bayana. Mu duba inda ruwan sama yake bi a kan taswira, mu ture ramin ƙazanta nesa da rafi, shi ke nan. Dattijon bai yi musu ba. Ya yi godiya ya tafi, bayan kwana uku ya dawo da sabuwar taswira, ramin yana daidai inda na ce. Abin da ya rage in je in ga filin da idona, in sa hannu kafin kwamitin ba da izinin gini ya zauna nan da mako biyu.

Na je ranar Juma'a da safe. Fili ne kamar kowane fili, ciyawa da ledoji da turakun masu awon fili da aka shafa wa jan fenti. Na zagaya shi sau ɗaya don kada a ce ban zagaya ba. Ina kakkaɓe ƙaiƙayin da ya maƙale mini a gefen zani, sai ga wani mai ruwa ya gangaro da kurarsa cike da jarkoki, ya banƙare baya yana ja da duga-dugansa kada ta ƙwace masa. Na matsa ya wuce. Can sai ga wani ya hauro daga ƙasa, jarkokinsa babu komai sai ƙara suke yi. Na bi wannan da kallo, na bi wancan. Wani abu ya tsaya mini a rai, na kasa gane ko mene ne sai da na uku ya zo wucewa da kaya, shi ma daga sama.

Na tare shi. "Malam, sannu da aiki. Daga ina kuke ɗebo ruwan nan?"

"Daga sama, Hajiya."

"Ku kai ina?"

"Ƙasa mana."

"To su mutanen ƙasan ba su da rijiyoyi ne? Ga rafi a bakin ƙofarsu."

Ya yi dariya, ya goge gumi da hularsa. "Ramuka dai suke da su. Kowa ya haƙa a can, da ya kai zurfin gaba guda da rabi sai ya ci karo da yumɓu, ya yi ta fama har ya gaji. Rafin kuma sai damina. Rijiya mai ruwa ai sai sama."

Ikon Allah! Ruwa a kan tudu, ƙishi a bakin rafi. Ni fa Allah ya yi ni da cutar son sani. Tun ina ƙarama nake kwance rediyon gidanmu don in ga mai magana a ciki, na sha duka a kan haka ban daina ba. Maimakon in koma ofis, sai na haura layin gidajen nan ina sallama ɗaya bayan ɗaya, ina cewa a taimaka a bar ni in leƙa rijiya. Wasu suka ɗauka allurar rigakafi na kawo, wata ta ce in dai haraji ne maigidan ba ya nan. Na ƙirga rijiya goma sha huɗu, duk da ruwa, garau kamar a wanke ido da shi. Da shi suke sha, da shi suke girki, da shi masu kura suke ci da iyalinsu. Wadda ta fi kusa da filin tana gidan wani tela, taku ashirin da biyar daga inda na ce a haƙa ramin.

Da yamma na wuce gidan Kawu, ƙanin mahaifiyata. Shekara arba'in ya yi yana haƙar rijiya, yanzu gwiwa ta ce masa ya isa, sai zama a ƙofar gida yana tufkar igiyar guga yana gyara wa duk wanda ya wuce tafiyarsa. Yana hango ni ya fara.

"A'a, Injiniyar takarda! Yau wace rijiya kika haƙa da biro?"

"Kawu, bar tsokana, tambaya na zo da ita."

Na ba shi labarin masu kura, na kwatanta masa layin. Ya ajiye igiyar. Ashe shida daga cikin rijiyoyin nan da hannunsa ya haƙa su, har yana iya faɗin zurfin kowace. Ta gidan tela gaba biyar, ta ƙarshen layi gaba shida da kamu ɗaya. Ya ce duk sai an wuce jan ƙasa, a shiga tsakuwa, sannan a taka yumɓu, ruwan kuma a kan yumɓun yake kwance.

Na ce, "To me ya hana shi gangarowa ƙasa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko akuya tana da ƙafa. "Shiga ki ɗauko mini farantin silba da buta."

Na ɗauko. Ya sa ɗan dutse a ƙarƙashin farantin ta gefena, farantin ya karkata wajensa. Ya ɗebi yashi ya zuba a kai, ya tula da yawa ta gefensa, ya bar kaɗan ta gefena, har saman yashin ya zama gangare mai fuskantata.

Ya ce, "Ina ne tudu?"

"Wajenka."

"Zuba ruwa a tsakiya. A hankali, ba wanka za ki yi masa ba."

Na zuba. Yashin ya shanye. Na tattare zanina ina jiran ruwa ya biyo gangare ya zo wurina. Shiru. Can sai na ga bakin farantin ta wajen Kawu ya fara ɗiga, har ya jiƙa masa gefen riga.

Ya ce, "Kin gani? Yumɓu shi ne farantin. Ku kuna kallon yashi, ruwa kuma farantin yake bi. A wannan unguwar farantin baya ya kwanta. Duk abin da ya nutse a filin nan, wurin tela zai kwana."

Wallahi abu biyu na ji a lokaci guda. Daɗi ya kama ni irin na wanda ya buɗe ƙofar da ya daɗe yana wucewa ta gabanta, har na sa shi ya sake yi mini sau biyu. Sannan tsoro ya biyo baya, don na tuna ko wace ce ta ɗauko ramin baƙin mai daga nesa ta dasa shi a jikin katangar tela.

Ranar Litinin tun kafin mai shara ya gama na isa ofis, na buɗe fayil ɗin. Akwai wani shafi da masu haƙar gwaji suke cikawa, suna rubuta irin ƙasar da suka tarar a kowane zurfi. Mu a ofis layi ɗaya muke karantawa a shafin nan, wato na ƙarshe, inda aka ce ruwa yana da nisa ko yana kusa. Sauran mukan bar wa ƙura. Ran nan na karanta shi tun daga sama. Rami uku suka haƙa. A na ƙasa sun taɓa yumɓu a mita biyu, a na tsakiya huɗu da rabi, a na sama sai da suka kai takwas. Shi kuma filin, daga ƙasansa zuwa samansa mita uku kacal ya ɗaga. Na zana a bayan ambulan, na sake zanawa. Farantin Kawu ne sak, an rubuta shi da lambobi, yana cikin fayil ɗin tun ranar farko.

Amma ni ba a gamsar da ni da zane, ko da nawa ne. Ina so in ga ruwan nan ya yi tafiyar da idona. Na koma wurin Kawu, ya ce su a da in suna shakkar ko masai yana haɗe da rijiya, gishiri suke zubawa su jira su ɗanɗana. Na tuna da wata 'yar na'ura ta awon gishiri a ruwa da aka kawo mana shekarun baya, tana kwance a kabad ƙarƙashin tsofaffin kalandu, ba wanda ya taɓa ɓare ledarta. Na sa mata batir, ta kawo haske. Ramin gwajin na sama yana nan da bututunsa, an rufe bakinsa da gwangwani.

Sai da na fara zuwa wurin telan, don ba a zuba wa mutum abu kusa da rijiyarsa bai sani ba. Na same shi a shagon ƙofar gidansa, allura a baki, tef a wuya. Na yi masa bayani dalla-dalla.

Ya cire allurar ya ce, "Wato gishiri za ki zuba a filin can, ki zo nan ki jira shi?"

"Haka ne."

"Ya hauro tudu da ƙafarsa?"

"In Kawuna ya yi gaskiya."

"To Allah ya kawo shi lafiya. Uwargida ta huta da sayen na miya."

Muka narkar da gishiri buhu biyu a duro, aka ɗura ta bututun, aka bi shi da ruwa. Daga nan kullum da safe kafin in wuce ofis sai in biya gidan tela. Matarsa ta ja mini guga, in tsoma na'urar, in rubuta lambar da ta nuna. Ranar farko ɗari uku da goma. Ta biyu ɗari uku da takwas. Ta uku haka, ta huɗu haka. Telan ya mayar da ni abin nishaɗi, ina shigowa zai ɗaga kai daga keken ɗinki ya ce, "Baƙon namu bai iso ba, Hajiya, ko ya tsaya gaisuwa a hanya ne?" A ofis kuma Darakta ya fara leƙowa yana tambayar me ya riƙe fayil ɗin Mai Tirela, tunda an riga an yi gyaran da na nema. Na ce masa ina jiran gishiri. Ya dube ni, ya dubi fanka, ya koma ofishinsa.

A rana ta shida na fara jin kunya. Na ce a raina wataƙila tsoho ya ruɗe ni da faranti, na zo ina wasa da hankalin mutane. Kuma in faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata yana addu'ar kada gishirin ya zo, don in bai zo ba kibiyata tana nan daidai. Rana ta bakwai lambar ta ce ɗari uku da saba'in. Na girgiza na'urar, na wanke bakinta, na sake tsomawa. Ɗari uku da saba'in da biyu. Rana ta takwas ɗari shida. Rana ta tara matar telan ta tarye ni tun daga zaure da moɗa a hannu.

"Hajiya, ajiye injin nan, sa a bakinki."

Na kurɓa. Ga shi nan a bayan harshe, kaɗan ne amma ba ya ɓuya. Telan ya karɓa ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba. Wasan ya ƙare masa.

Ya ce, "In gishiri ya zo cikin kwana tara, baƙin mai fa?"

Na ce, "Shi ya fi nawa, amma zai zo. Kuma gishiri zai wanke cikin 'yan makonni. Shi in ya zo ya zauna ke nan."

Washegari na sa aka kira Mai Tirela, muka zauna a ofishin Darakta. Na shimfiɗa taswirar, na ajiye ambulan ɗina da takardar lambobin kwana tara a gefe. Na yi bayani ba tare da kwana-kwana ba: ramin ba zai zauna a sama ba, don rijiya goma sha huɗu ne a bakinsa. Ba zai koma ƙasa ba kuma, don ko can aka sa shi, abin da ya nutse baya zai komo, wanda bai nutse ba ya faɗa rafi. Filin nan ba ya ɗaukar ramin tsanewa ko a ina. Sai dai a malale wurin wankin da kankare, a gina tanki mai rufaffen gindi da wurin tare mai, mota ta riƙa zuwa tana kwashewa.

Dattijon ya saurara har na gama. Sannan ya sa yatsa a kan kibiyar nan, ya ce, "Ranki ya daɗe, ba don in yi rashin kunya ba. Wannan jan layin, wa ya ja shi?"

"Ni na ja."

"Kika ce ruwa ba ya hawa."

"Na faɗa. Ban yi daidai ba."

Darakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, kamar yana son ya tabbatar ni ce. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa jin wannan magana daga bakina ba, ni ma ban taɓa ji ba. Ta yi mini ɗaci, amma ban mutu ba. Mai Tirela ya yi ɗan gunaguni a kan siminti da ɓata lokaci, ya ce da tun farko aka faɗa masa da yanzu ya yi nisa, kuma da gaskiyarsa. Daga baya ya nisa ya ce shi ma ruwan rijiya ya sha ya girma, ba zai so a ce motocinsa ne suka kashe wa mutane tasu ba. Ya naɗe taswirarsa ya tafi gyara na biyu.

Na fito ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa. Na saya wa Kawu lemo da sabuwar igiya, na je na ba shi labari tun daga kan tela har zuwa tabarau ɗin Darakta. Ya yi ta dariya yana buga gwiwarsa mai ciwo.

Na ce, "Kawu, ni abin da yake ba ni mamaki, yaya aka yi yumɓu ya kwanta baya a fili ɗaya tak?"

Ya ce, "Wa ya ce miki fili ɗaya ne? Ai duk jerin tudun nan haka yake. Tun daga nan har bayan tashar motocin haya, faranti ɗaya ne. Na haƙa a can ma."

Ya ci gaba da ɓare lemonsa. Ni kuwa wani abu ya faɗo mini a rai. Bayan tashar motocin haya akwai wani gareji da ake wanke bas-bas ana yi musu juyen mai. Na san shi, don ta teburina ya bi shekara shida da suka wuce.

Da safe na karɓi makullin ɗakin ajiya. Na yi awa guda ina atishawa a cikin ƙura kafin na zaro fayil ɗin. Ga taswirar, ga kwata a ƙasa, ga gidaje a sama, ga rubutuna da na sani kamar tafin hannuna: a mayar da ramin kan tudu. Ga sa hannuna a ƙasa, har da wata 'yar lanƙwasa da nake yi masa a lokacin don ƙawa. Ban gaya wa kowa ba, na ɗauki jakata na fita.

Layin da ke bayan garejin gajere ne, gida tara ko goma. Tun daga bakinsa na ga jarkoki jere a kowace ƙofa. Na yi sallama a gidan da ya jingina da katangar garejin. Wata tsohuwa mai sayar da gawayi ta amsa, tana zaune a tsakar gida tana ƙulla shi a leda, hannuwanta baƙi ƙirin. A gefenta ga rijiya an rufe da tsohon kwano, an danne da duwatsu, har kaji sun mayar da wurin mazauninsu.

Na gaishe ta, na ce daga ofishin duba gine-gine nake, ina son in leƙa rijiyarta in ba damuwa.

Ta ce, "Leƙa, 'yata. Amma toshe hancinki."

Na janye kwanon. Warin ya bugo ni tun kafin idona ya saba da duhun. Can ƙasa ruwan yana nan da yawansa, sai dai samansa yana ƙyalli da launi-launi, irin wanda ake gani a kwatar bakanike.

"Tun yaushe, Inna?"

"Shekara biyar ke nan da damina. Rijiyar da duk layin nan suke sha! Maigidana ya haƙa ta kafin ya rasu, ko a tsakiyar rani ba ta taɓa ƙafewa ba." Ta nuna katangar da ke ɗaya gefen da haɓarta. "Mutumin can ne. Kananzir yake sayarwa. Mun yi faɗa da matarsa a kan kwata, na ce kada su ƙara shigo mini ɗiban ruwa. Ba a yi wata biyu ba ruwa ya fara wari. Ke ko yaro aka ba wannan lissafin ai ya gane."

"Sauran rijiyoyin layin fa?"

"Duk sun bi, ɗaya bayan ɗaya. An ce daga tawa ya yaɗu. Har gaban mai unguwa na kai shi, na faɗa a gaban jama'a. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen ko kwalba ɗaya a hannunsa." Ta ƙulla wata ledar, ta jefa kan tulin. Sai ta ɗago ta dube ni da kyau. "Ke da kika yi karatun abin, zo ki zauna. Gaya mini tsakaninki da Allah, jarka nawa mutum zai zuba ruwa ya shekara biyar bai wanke ba? Abin nan yana ɗaure mini kai. Mun yashe ta sau uku, yana dawowa."

Na zauna a kan wani ɗan benci. Zan iya cewa sai an yi bincike. Kalmar tana bakina, kullum da ita muke sallamar mutane, kuma ba wanda zai kama ni. Na dubi hannuwanta, na dubi rijiyar.

Na ce, "Ba shi ba ne, Inna."

"Ba shi ba ne kamar yaya?"

"Ba wanda ya zuba komai ta sama. Ta ƙasa yake zuwa, daga ramin garejin nan na bayan katangarki. Shi ya sa yake dawowa."

"To wane marar tsoron Allah ne ya haƙa rami a jikin rijiyar mutane?"

"Su a can ƙasa suka so haƙa shi, nesa da ku. Ni na ce a kawo shi nan. Ni na sa hannu."

Na so ta yi ihu. Wallahi na so ta zage ni, ta watsa mini gawayin nan a fuska, da na fi samun sauƙi. Ba ta ko dube ni ba. Katangar maƙwabcin take kallo.

Can ta ce, "Bara mai kananzirin ya rasu. Yana cikin ciwon ya sa aka riƙo shi har zauren nan, yana rantse mini ba shi ba ne. Na ƙi fitowa. Ko gaisuwar mutuwarsa ban shiga ba."

Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar. Ta goge hannuwanta a zani, ta laluba takalminta da ƙafa, ta ja mayafi daga kan igiya.

Ta ce, "Tashi mu je wurin matarsa. Ke za ki faɗa mata, ni bakina ba zai iya ba."